Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin DC Studios Kan Haƙƙin Tsofaffin Masoya Da Na Sababbin Masu Kallo

Zuwa ga James Gunn da Peter Safran,
Shugabannin DC Studios,
Burbank, Kalifoniya, Amurka.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku wannan wasiƙa ne a kan nauyin da kuka ɗauka tun ranar 1 ga Nuwamba, 2022, lokacin da kamfanin Warner Bros. ya damƙa muku ragamar farfaɗo da sadaukan DC bayan shekarun da suka yi suna tangal-tangal. Ni mai kallo ne daga nesa, cikin waɗanda suka fara sanin Superman a kaset ɗin bidiyo kafin su taɓa riƙe mujallar zane ko guda, daga baya kuma suka bi sawun mujallun suka karanta. Saboda haka na ɗanɗani zaman ɓangarorin biyu da kuke ƙoƙarin gamsarwa: tsofaffin masoya da suka haddace tarihin jarumin, da kuma gama-garin jama'a waɗanda suke sayen tikiti don kawai su ga labari mai daɗi. Abin da nake so in faɗa muku shi ne, bashin da tsohon masoyi yake bin ku shi ne ku riƙe halin jarumin yadda ya san shi, bashin da sabon mai kallo yake bin ku kuwa shi ne ku ba shi labarin da zai fahimta daga farko har ƙarshe ba tare da ya nemi mai yi masa bayani ba. Waɗannan basussuka biyu ba sa karo da juna. Duk lokacin da aka ga kamar sun yi karo, idan aka duba da kyau za a tarar an biya ɗaya daga cikinsu ne da abin da ba shi ya nema ba.

Ya kamata a fara da tambayar wane ne ma tsohon masoyin, domin ana maganarsa kamar mutum ɗaya ne mai baki ɗaya. Superman ɗin da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fitar a mujallar Action Comics ta farko a 1938, wanda suka sayar da haƙƙinsa a kan dala 130, ba ya tashi sama. Tsalle yake yi mai nisa, kuma abokan faɗansa su ne mai dukan matarsa da masu cin hanci a harkar siyasa. Dutsen kryptonite mai raunana shi da kowa ya sani a yau a shirin rediyo ya fara bayyana a 1943, karensa Krypto kuma sai 1955. A 1986 John Byrne ya sake gina labarin daga tushe, ya mayar da Krypton, duniyar da aka haifi jarumin, wuri mai sanyin zuciya wanda ba a yi kewarsa sosai. A 2011 mujallun suka cire masa jan gajeren wandon nan da yake ɗorawa a kan kayansa, a 2018 suka mayar masa a fitowa ta 1000 ta Action Comics. Wanda ya tashi da Christopher Reeve na 1978 tsohon masoyi ne, wanda ya tashi da Henry Cavill na 2013 shi ma yanzu ya zama tsohon masoyi, kuma kowannensu yana rantsuwa cewa nasa ne na ainihi. Idan kuka ce za ku bi kowace riga da kowane tarihi, ba za ku taɓa gamawa ba. Abin da ya ratsa dukkan waɗannan shekaru bai canza ba shi ne mutumin da ya fi kowa ƙarfi amma ya zaɓi ya tsaya wa marar ƙarfi, kuma wannan ne kaɗai abin da dukkan masoyan suka haɗu a kansa.

Kamfaninku ya riga ya gwada hanyoyi biyu kafin zuwanku, kuma kowacce ta bar darasi. A 2006 Bryan Singer ya yi Superman Returns cikin tsananin girmama fim ɗin Richard Donner na 1978: ya dawo da kiɗan John Williams, ya ɗauko Brandon Routh wanda ya yi kama da Reeve, har ma ya yi amfani da tsofaffin hotunan Marlon Brando, wanda ya fito a matsayin mahaifin Superman, bayan rasuwarsa. Wanda ya san fim ɗin farko ya ji daɗin tunawa, amma matashin da bai taɓa ganinsa ba ya zauna fiye da awa biyu da rabi yana kallon ci gaban labarin da aka fara kafin a haife shi. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 391, aka fasa yin kashi na gaba. A 2013 sai Zack Snyder ya juya gaba ɗaya da Man of Steel, don ya jawo masu kallon da suka saba da duhun fina-finan Batman na Christopher Nolan. Kuɗi ya shigo, kusan dala miliyan 670, amma masoya da yawa sun fito da ciwo a zuciya. Ba karya wuyan abokin gabarsa Janar Zod da Superman ya yi ba ne kaɗai ya dame su, domin ko a mujallun 1988 Superman ya taɓa zartar wa wani Zod hukuncin kisa. Abin da ya fi yi musu zafi shi ne ganin gine-ginen Metropolis suna rushewa a kan jama'a alhali jarumin ya duƙufa ga faɗa, da kuma jin uban da ya rene shi yana nuna cewa wataƙila da ya bar yaran motar makaranta sun nutse don ya ɓoye asirinsa. Na farko ya riƙe siffa ya rasa sabon mai kallo, na biyu ya sami sabon mai kallo ya taɓa halin da ake son jarumin dominsa.

Daga nan ne kuma aka shiga shekarun da hayaniyar intanet ta zama kamar ita ce ra'ayin duniya. Bayan Justice League na 2017, wanda Joss Whedon ya ƙarasa sa'ad da Snyder ya janye saboda rasuwar 'yarsa, magoya bayan Snyder suka yi shekaru suna kira har aka saki nasa fim ɗin mai awa huɗu a HBO Max a watan Maris na 2021. Ba na cikin masu raina waɗannan mutane, domin ƙaunarsu ta gaskiya ce, kuma abin da ya faru da Henry Cavill ya isa ya ɓata wa kowa rai: a watan Oktoba na 2022 ya leƙo a ƙarshen Black Adam ya sanar da dawowarsa, a watan Disamba kuma ya sanar da cewa ba da shi za a ci gaba ba. Shawarar ɗauko matashin ɗan wasa don sabon labari tana da hujja, amma alkawarin da kamfani ya bari aka yi wa jama'a sannan aka warware shi cikin wata biyu rauni ne da ku kuka gada, kuma ya kamata ku ci gaba da yi wa masu wannan rauni magana cikin mutunci. Duk da haka, girmama su daban, miƙa musu alƙalami daban. Lokacin da aka zaɓi Michael Keaton ya zama Batman na 1989, dubban wasiƙun ƙorafi ne suka isa Warner Bros. saboda an san shi da wasan barkwanci. Haka aka yi wa Heath Ledger tsiya kafin The Dark Knight na 2008, haka aka yi wa Robert Pattinson kafin The Batman na 2022. Da an bi masu ihu a waɗannan lokuta uku, da masoyan kansu ne suka yi asarar abubuwan da suke alfahari da su a yau. Masoyi ya san abin da ya taɓa so, amma bai san abin da zai so gobe ba sai an nuna masa, kuma nunawar aikinku ne.

Hanya mafi sauƙi ta lallashin tsohon masoyi ita ce a dawo masa da tsohuwar fuska, kuma ita ce na fi ji muku tsoro. Gaskiya ne cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma The Flash na 2023 ya nuna iyakar wannan magana. An dawo da Keaton cikin kayan Batman bayan fiye da shekara 30, sannan kusa da ƙarshe aka jero fuskokin da kwamfuta ta ƙera a matsayin Superman: George Reeves da ya rasu a 1959, Christopher Reeve da ya rasu a 2004, da Nicolas Cage yana faɗa da ƙaton gizo-gizo. Wannan na ƙarshe ba ya da ma'ana ga kowa sai wanda ya san labarin wani fim da aka shirya yi a shekarun 1990 aka fasa. Ga mutumin da ya shigo sinima da iyalinsa, labari ne ya tsaya cik ana nuna masa baƙin fuskoki. Ga masoyi mai tunani kuma, tayar da mamaci ne a yi talla da shi. Fim ɗin ya tashi da kimanin dala miliyan 271. Ku kwatanta shi da Spider-Man: No Way Home na abokan hamayyarku a 2021, wanda ya tara kusan dala biliyan 1.9. Shi ma tsofaffin fuskoki ya dawo da su, Tobey Maguire da Andrew Garfield, waɗanda suka taɓa fitowa a matsayin Spider-Man, amma an ba su aikin yi a cikin labarin. Sa'ad da MJ, budurwar sabon Spider-Man, ta faɗo daga sama, Garfield ne ya yi tsalle ya cafe ta, ya sauke ta ƙasa idonsa cike da hawaye. Wanda ya kalli fim ɗin Garfield na 2014 ya san cewa a irin wannan faɗuwa ce budurwarsa Gwen ta mutu a hannunsa, wanda bai kalla ba kuma fim ɗin ya riga ya gaya masa a taƙaice cewa mutumin nan ya taɓa rasa wadda yake so. Dukkansu biyu sun ji abin a ransu, ɗaya ya fi ɗaya zurfi, amma ba wanda aka bari a waje.

Da wannan ma'auni na kalli Superman ɗinku da ya fito ranar 11 ga Yuli, 2025, kuma dole in yaba muku a kan abubuwa da dama. Kun ƙi sake nuna fashewar Krypton da tashin jariri a kumbo, kuka taƙaita shi a 'yan layukan rubutu, kuka fara da jarumin da ya sha kashi karo na farko, kwance cikin dusar ƙanƙara da jini a bakinsa, yana fito don karensa ya zo. Karen ya iso da gudu ya haye kansa yana tsalle a kan haƙarƙarin da ke ciwo, sannan ya ciji alkyabbar ya ja shi gida. Tsohon masoyi ya ga Krypto na mujallu ya yi murna, yaron da bai taɓa jin sunan ba ya ga kare marar jin magana ya yi dariya, kuma a cikin minti biyar dukkansu sun san cewa wannan jarumin yana jin ciwo kuma yana buƙatar taimako. Haka ma jan wandon: kun bayyana cewa David Corenswet, wanda ya fito a matsayin Superman, shi ne ya shawo kanku da hujjar cewa mutumin da ke da irin wannan ƙarfi zai so ya sa kayan da ba za su tsorata yara ba. Wannan ita ce hanyar da ta dace a dawo da tsohon abu, wato a samo masa dalili daga cikin halin mai shi.

Wurin da fim ɗin ya fi ƙarfi a ganina ba wurin faɗa ba ne. Doguwar hirar nan ce a ɗakin 'yar jarida Lois Lane, inda Rachel Brosnahan da ta fito a matsayinta ta kunna na'urar ɗaukar murya ta fara tambayarsa da wane izini ya shiga yaƙin da ke tsakanin ƙasashen Boravia da Jarhanpur na cikin fim ɗin, wa ya tuntuɓa, kuma a madadin wa ya yi. Ya fara amsawa cikin murmushi, sannu a hankali murya ta ɗaga, har ya fashe da cewa mutane ne za su mutu. Babu wanda yake buƙatar karanta mujalla ko ɗaya kafin ya gane wannan gardama, domin duk wanda yake sauraron labaran duniya ya san tambayar mai ƙarfi da ke shiga rikicin wasu, kuma ya san zafin ganin ana kashe marasa ƙarfi ana jiran izini. A lokaci guda kuma, masoyin da ya san Superman na 1938 ya gane shi sarai a wannan fushi. Ko sauyin da ya fi jawo muku surutu, wato saƙon iyayensa na Krypton da ya zamana suna umartarsa ya mallaki duniya, ina ganin kun tsira da shi ne saboda ya mayar da nauyin tarbiyyarsa kan Jonathan da Martha Kent, manoman Kansas da suka rene shi. An taɓa tarihi, amma an ƙarfafa hali. Na san akwai masoyan da har yanzu suke ganin an zubar da mutuncin mahaifinsa Jor-El, kuma ina roƙonku kada ku warware wannan a fim na gaba don kawai a yi shiru. Idan kun yi imani da shi, ku tsaya a kansa.

Sai dai akwai inda kuka nauyaya wa baƙo kaya. A cikin fim ɗin da bai wuce awa biyu da 'yan mintoci ba, an gabatar da Guy Gardner, da Hawkgirl, da Mister Terrific, da Metamorpho, da Engineer, da Ultraman, ga wata ƙaramar duniya ta ɓoye da abokin gabarsa Lex Luthor ya mayar kurkuku, ga Supergirl da ta faɗo a ƙarshe. Edi Gathegi ya yi ƙoƙari har Mister Terrific ya shiga ran mutane, amma Hawkgirl ta shigo ta fita ba tare da an san ko wace ce ita ba. Abin ya yi kama da gidan biki inda 'yan uwa suke ta kiran juna da sunayen wasa suna dariya, baƙon da aka gayyato kuma yana zaune da kwanonsa yana murmushin ladabi. Alƙaluman kuɗin shiga ma suna da abin faɗa. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 600, amma fiye da rabin kuɗin, kimanin miliyan 354, daga kasuwar gida ya fito, alhali Man of Steel a ƙasashen waje ya fi samun kuɗi. An ruwaito Malam Gunn yana danganta wannan da cewa ba a san Superman sosai a wasu ƙasashe ba, da kuma ƙyamar Amurka da ake ji a wasu wurare. Wataƙila akwai gaskiya a kashi na biyu, amma a kashi na farko ina da ja. Tambarin nan na ƙirjinsa yana jikin rigunan yara da jakunkunan makaranta a kasuwanninmu, kuma wanda bai taɓa shiga sinima ba ya san mai jar alkyabba. Waɗanda ba a sani ba su ne mutum shida ko bakwai da aka kewaye shi da su, kuma tallan fim da ya cika da baƙin fuskoki yana gaya wa mai kallo na nesa cewa akwai karatun da ya wuce shi.

Wannan ya kawo ni ga babban roƙona. Kada ku bari fina-finanku su zama jarrabawar da sai an yi bita kafin a shiga. Marvel ta faɗa wannan rami: The Marvels na 2023 ya dogara da jarumai biyu da aka gina a shirye-shiryen Disney+ masu dogon zango, wato WandaVision da Ms. Marvel, ya kuma tashi da kimanin dala miliyan 206, mafi ƙaranci a jerin fina-finansu. Na ga alamar irin wannan a wurinku sa'ad da Lex Luthor ya bayyana daga kurkuku a zango na biyu na Peacemaker, aka kuma fahimtar da jama'a cewa abin da ya faru a can yana da alaƙa da Man of Tomorrow da kuka tsayar wa 9 ga Yuli, 2027. Peacemaker shiri ne na manya, cike da zagi da tsiraici da zubar da jini, kuma manhajar da ke nuna shi ba a kowace ƙasa take aiki ba. Uban da ya kai 'ya'yansa kallon Superman saboda ya ga jarumin da ke tsayawa ya ceci ko da ɗan kurege a tsakiyar faɗa, ba zai zaunar da su gaban wancan shiri ba, kuma bai kamata a hukunta shi da ruɗani a fim na gaba ba. Wanda ya bi komai ya sami ƙarin daɗi, wannan ladansa ne. Wanda bai bi ba kuma ya sami labarinsa cikakke, wannan haƙƙinsa ne tunda kuɗin tikitinsu ɗaya.

Game da Supergirl da kuka ɗora a kan littafin Tom King da Bilquis Evely, ina ganin kun zaɓi tushe mai kyau, domin labari ne da ke tsaye da ƙafarsa, na yarinyar da ke neman fansar mahaifinta da kuma jarumar da ta ga mutuwar duniyarta da idonta. Batman ne zai fi ba ku wahala. Matt Reeves yana ci gaba da nasa tare da Pattinson, ku kuma kun sanar da The Brave and the Bold wanda zai kawo Batman tare da ɗansa Damian Wayne. Masu bin labaran fim sun san cewa duniyoyi biyu ne daban, amma mutumin da ya ga fastoci biyu da Batman biyu cikin 'yan shekaru zai tambaya wanne ne na gaske, kuma amsar da za ku ba shi dole ta fito daga fim ɗin kansa, ba daga saƙonninku na kafofin sada zumunta ba. Ku bambanta su a yanayi da launi da irin labarin, har mai kallo ya gane da ido. Kuma kamar yadda kuka tsallake fashewar Krypton, ku tsallake kisan iyayen Bruce Wayne, wato Batman, a lungu, wanda aka nuna a 1989 da 2005 da 2016 da 2019. Babu wanda ya rage bai gani ba.

Kun sha faɗa cewa ba za a fara ɗaukar kowane fim ba sai rubutun labarinsa ya kammala kuma kun gamsu da shi. Ina roƙonku ku riƙe wannan ƙa'ida ko da masu hannun jari sun matsa, ko da ranar da aka sanar ta ƙarato, sannan ku ƙara mata sharaɗi ɗaya. Kafin ku amince da kowane rubutu, ku ba mutum biyu su karanta: ɗaya wanda ya shekara talatin yana tara mujallun DC, ɗaya kuma wanda bai san sunan kowa ba sai Superman da Batman, zai fi kyau ma a ce ba Ba'amurke ba ne. Ku tambayi na farko ko ya gane jaruminsa a cikin abin da ya aikata, ku tambayi na biyu ya ba ku labarin da bakinsa daga farko zuwa ƙarshe. Idan ɗayansu ya yi tuntuɓe, a mayar wa marubuci ya gyara kafin a kunna kyamara.

Na gode da lokacinku. Allah ya ba ku sa'ar aikin da ke gabanku.

Naku mai fatan alheri,
Wani mai kallo daga Kano.